Ƙarfin Gwiwa Ba Ya Tsayuwa Sai Da Amana

Duk lokacin da aka tabo batun farfaɗo da tattalin arzikin Jihar Borno, ƙarfafa gwiwar masu zuba jari ake ambata. Amma ƙarfin gwiwa daban, yarda daban, ganganci kuma daban.

Unguwar Mairi, maƙwabciyar Jami'ar Maiduguri, ta isa misali. Ƙarfin gwiwa ne ya sa mai kanti ya ci gaba da ciniki a shekarun rikicin Boko Haram, ganin jami'ar ba ta rufe ƙofofinta ba. Yarda ce ke sa shi ba ɗalibi bashin shinkafa kafin kuɗin gida su iso. Ganganci kuwa shi ne sarin kaya da rance babu lissafi, alhali yajin aikin malaman jami'o'i na wata 8 a 2022 ya nuna cewa masu saye na iya watsewa dare ɗaya.

Tushen ƙarfin gwiwa da yarda duka amana ce, wato cika alkawari. Saboda haka jawabi kaɗai ba ya sa ɗan kasuwa ya saki jiki. Duk hukumar da ke son jari ya dawo, sai ta biya albashi da kuɗin kwangila a kan kari.