Ra'ayinmu: A Fara da Wuta Kafin Katin Hoto

'Yan'uwa ɗalibai, a 'yan shekarun nan wata sabuwar sha'awa ta shigo ɗakunan kwananmu a nan Katsina, wato ta haɗa kwamfutar wasa da hannu, a sayo kayanta ɗaya bayan ɗaya. Ba mu ga laifin wannan ba, domin duk wanda ya haɗa na'ura da kansa ya koyi abin da lacca goma ba za ta koya masa ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake kashe kuɗin.

Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk abin da ake sayowa da dala ya yi tashin gwauron zabi. Amma sai ka ga ɗalibi ya ɗauki guzurinsa na zango guda, ya hau mota zuwa kasuwar Farm Centre a Kano, ya zube kusan duka a kan katin hoto, sa'an nan ya sayi akwatin wuta mafi araha da ya tarar. To, wannan shi ne gini a kan yashi. Wutarmu takan zo da ƙarfi, takan zo da rauni, ga janareto a gefe. Akwatin wuta maras inganci in ya ƙone, sau da yawa ba ya tafiya shi kaɗai.

Katunan hannu kuwa sai an yi hattara. Bayan Ethereum ta daina haƙo a watan Satumba na 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, irin su RX 580 da ya fito tun 2017. Wasunsu lafiyayyu ne. Sai dai a sa mai kaya ya kunna wasa a gabanka na tsawon lokaci, a duba zafinsa, a saurari fankarsa. Wanda ya ƙi a gwada, a bar masa kayansa.

Shawararmu ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya fara da furosesa mai ɗauke da nasa sashen hoto, kamar Ryzen 5 5600G, da RAM mai gigabait 16 a sanda biyu, da SSD, da akwatin wuta na kirki, da sitabilaiza. Kati ya jira wani zangon. Fitilu masu launi, waɗanda wasu ke mutuwar so, ba sa ƙara wa wasa gudu ko kaɗan. Gara a sa kuɗinsu a fanka da matatar ƙura, tun da hunturunmu ba ya raga wa na'ura, zafin Afrilu kuma yakan haura digiri 40.

Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta nemi 'yan sashen kimiyyar kwamfuta su ware yammacin Asabar ɗaya a wata, inda duk mai shirin saye zai kawo jerin kayansa a duba masa kafin ya hau motar Kano.