Gawon Gonar Kebbe: Na Allah Ne ko na Manomi?

Takardar da masu nazarin muhalli ke cikewa sau da yawa gida biyu gare ta: wurin da Allah ya halitta, da wurin da ɗan Adam ya samar. Ɗalibin da ya taso daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya nufi Tambuwal ba zai sha wahala da farko ba. Tafkin Romo na gidan farko ne. Jerin dogon yaro na bakin titi, itacen da aka kawo daga Indiya zamanin Turawa, na gida na biyu.

Yana shiga gonar gero a Kebbe, alƙalami ya tsaya cak. Ga gawo tsakiyar gona, ba wanda ya dasa shi. Shanu ne suka ci 'ya'yan wani gawon suka kasayar da irin. Amma da ya tsiro, manomi ne ya kauce masa da fartanya, ya rage masa rassa, ya hana a sare, don ya san gawo na kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya ciyar da dabbobi. Haka ɗorawa, haka kaɗanya. Kududdufin bayan gari ma maginan ƙasa suka haƙa, yau kwaɗi da sauro ke mulkinsa.

Ba ƙaramar magana ba ce. A ma'aunin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, daji fili ne da ya wuce rabin hekta, itatuwansa sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma ba gona ba. Ke nan gawon Kebbe ya faɗi jarrabawa. Da masana suka ƙirga itatuwa ɗaya-ɗaya da hotunan tauraron ɗan Adam a 2020, sun sami fiye da biliyan 1.8 a wani yanki na Sahara da Sahel na Afirka ta Yamma, inda ake ɗauka babu abin kirki. A Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, manoma sun raino miliyoyin itatuwa daga kututture tun shekarun 1980, ba da dashe ba.

A ganin mai wannan shafi, takardar na bukatar gida na uku: wurin da ya tsiro da kansa, mutum ya raina. A ƙara kuma layin tambayar mai gona, wanda zai faɗi shekarar da ya bar itacen, da inda burtali ya bi kafin a nome shi.