Taurari biliyan 400 amma babu sabis: ina 'yancin ɗan wasa yake?



Yau mun ɗan ajiye darasin saita waya, za mu taɓa wata muhawara da ta daɗe tana tayar da jijiyar wuya tsakanin masu buga gem ɗin sararin samaniya. Ina nufin irin gem ɗin da za a ba ka jirgi a sake ka cikin taurari, in ka so ka yi fatauci, in ka so ka haƙo ma'adinai, in ka so ka yi yaƙi, ko kuma ka kama hanya kawai kana neman duniyar da ba wanda ya taɓa sauka a kanta. Duk kamfanonin da ke yin irin wannan gem kalma ɗaya suke tallatawa: 'yanci. To amma 'yancin wa? Kuma da wane sharaɗi?

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ga mai buga gem a Wonaka ko Tsafe ko Bungudu, 'yanci na farko shi ne gem ɗin ya buɗe ko da sabis ko babu, na biyu kuma ka zama kai ke zaɓar wanda zai shigo maka cikin wasa. Faɗin duniyar gem ɗin yana zuwa ne bayan waɗannan biyun. Bari mu bi abin a hankali.

FAƊIN DUNIYA DA YAWON GANO WURARE

Wannan harka ba yau ta fara ba. A 1984 wasu ɗalibai biyu a Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fitar da gem mai suna Elite a kan kwamfutar BBC Micro, wadda ƙwaƙwalwarta kilobait 32 ce kacal. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka wannan sau da yawa. Amma a cikin wannan ɗan wuri suka cusa duniyoyi 2,048. Dabarar ita ce ba su zana kowace duniya da hannu ba, lissafi suka rubuta wanda yake ƙirƙiro duniyar a lokacin da ka iso ta.

Da wannan dabarar ce aka yi ta ƙara faɗi. Elite Dangerous, wanda ya fito a Disamba 2014, ya kwaikwayi gungun taurarinmu da girmansa na gaskiya, taurari kusan biliyan 400. Sama da shekara goma ana yawo a ciki, amma abin da 'yan wasa suka ziyarta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. No Man's Sky kuwa, na kamfanin Hello Games, da ya fito a Agusta 2016, duniyoyinsa lamba 18 ce da sifili 18 a bayanta.

Lambobin suna da daɗin ji, amma duk wanda ya buga irin wannan gem ya san abin da ke faruwa. Duniya ta farko ka riƙe baki. Ta goma ka ɗauki hoto. Ta hamsin kuwa sai ka fara lura dutsen nan ka gan shi, bishiyar nan ma launi kawai aka canja mata. Dalili kuwa lissafi ɗaya ne yake haifo su duka. Haka aka yi ta ƙorafi a kan Starfield a 2023, mai duniyoyi kusan 1,000 da yawancinsu fili ne fetal. Yawon ganowa yana da daɗi ne idan akwai abin da za ka tarar, ko akwai wanda za ka dawo ka ba labari. Nan ne maganar wasa da jama'a ta shigo.

WASA DA JAMA'A: SALO UKU

Salo na farko shi ne na EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aisland ya fitar a 2003. Kusan kowa a duniya ɗaya yake, babu wurin ɓuya. Kasuwa ta 'yan wasa ce, jiragen su suke ƙerawa, kuma in aka farfasa maka jirgi ya tafi ke nan. Akwai yankunan da ke da 'yan sandan gem, amma su hukunta wanda ya harbe ka suke yi, ba hana shi harbin ba. A Janairu 2014 wata ƙungiya ba ta biya kuɗin riƙe wani yanki mai suna B-R5RB a kan lokaci ba, sai abokan gaba suka faɗo. Aka shafe kusan awa 21 ana gwabzawa, 'yan wasa sama da 7,000, aka rasa manyan jiragen da ake kira Titan guda 75. An ƙiyasta asarar da kimanin dala 300,000. Ba marubucin kamfani ne ya tsara wannan labari ba, mutane ne suka yi shi da kansu. Wannan salon ya iso waya a Agusta 2020 da sunan EVE Echoes.

Salo na biyu na Elite Dangerous ne. Kafin ka shiga za ka zaɓa: ko fili da kowa, ko rukunin abokai, ko kai kaɗai. Amma duk abin da ka yi yana taɓa duniya ɗaya, farashin kaya da ƙarfin ƙungiyoyi. Wannan ne ya haddasa rigimar da har yau ba ta mutu ba. Masu son fili suna cewa ta yaya mutum zai ɓoye shi kaɗai yana rusa musu yanki ba tare da sun iya tare shi ba? Masu son kaɗaici kuma suna cewa kuɗinsu suka sa suka sayi gem, ba su sayo shi don su zama abin farautar wani ba.

Salo na uku na No Man's Sky ne. Kafin fitowarsa shugaban kamfanin, Sean Murray, ya nuna cewa za a iya haɗuwa da wasu 'yan wasa. A ranakun farko mutum biyu suka tsaya a wuri guda a duniya guda, ba wanda ya ga ɗan uwansa. Aka yi caa a kan kamfanin. Sai a Yuli 2018 suka kawo wasan haɗaka na gaske, kuma kyauta. Yadda suka tsara shi a yau, za ka iya buga gem ɗin ba intanet, za ka iya kunna haɗuwa da mutane, kuma za ka iya kashe damar wani ya cutar da kai.

A ganina salo na ukun ne ya fi yi mana adalci, kuma ga dalilaina.

DALILI NA FARKO: SABIS BA A HANNUNMU YAKE BA

Duk ɗan Zamfara ya tuna farkon Satumba 2021, lokacin da hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su kashe sabis a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. An ce mako biyu ne. Cikin garin Gusau bai samu sabis ba sai farkon Oktoba, sauran yankuna kuwa sun fi haka daɗewa. A lokacin damuwar mutane ta fi ƙarfin gem nesa ba kusa ba: jin lafiyar 'yan uwa, tura kuɗi, kasuwanci. Amma darasin ya shafi maganarmu. Duk gem ɗin da ke dogara da sabar kamfani ya zama hoto kawai a fuskar waya. Wanda ya ci gaba da aiki shi ne wanda yake zaune cikin wayar gaba ɗayansa.

Ko Elite Dangerous da ake yabo da zaɓin "kai kaɗai", sai da intanet yake buɗewa. Lokacin da suke tara kuɗi daga jama'a a 2012 sun yi alkawarin za a iya buga shi ba intanet, sai ana saura kusan wata guda a fitar da shi suka janye alkawarin. Ka ga ke nan taurari biliyan 400 ɗin aro aka ba ka, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Masu gem ɗin tseren mota The Crew sun ɗanɗana wannan a ƙarshen Maris 2024, da Ubisoft ta kashe sabarsa, wanda ya biya kuɗinsa ma ya rasa.

Ga kuma tsadar data. A Janairu 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Gem ɗin da kullum sai ya sha data, kuma kowane 'yan makonni ya buƙaci sabuntawa mai nauyi, haraji ne yake karɓa a wurinka ko da an rubuta "kyauta" a Play Store.

DALILI NA BIYU: FILIN BA DAIDAI YAKE BA

Masu goyon bayan salon EVE suna cewa kowa da jirginsa, wanda ya fi iyawa ya yi nasara. Wannan magana tana tsayawa ne idan sabis ɗin kowa iri ɗaya ne. 'Yan PUBG da Free Fire sun fi kowa sanin wannan: ka ga mutum, ka danna harbi, kafin saƙonka ya je saba ya dawo an riga an kwantar da kai. Sabobin manyan gem da yawa ba a kusa da mu suke ba. Wanda ke zaune a Landan da intanet na waya mai shiga gida, da wutar da ba ta ɗaukewa, ba filin wasa ɗaya yake da yaron da ya hau tudu a Wonaka yana neman sanda biyu ta sabis, batirinsa na kashi 15 ba.

A gem ɗin harbi asarar minti goma ce, ka sake shiga. A gem ɗin sarari irin EVE kuwa, jirgin da ka yi wata biyu kana tara kuɗinsa zai iya tafiya saboda sabis ya yanke na daƙiƙa talatin. In aka tilasta wa kowa shiga fili ɗaya, mai ƙarfin intanet ne ya samu 'yanci, mai raunin intanet kuma ya zama abincinsa.

ABIN DA ƊAYA ƁANGAREN KE FAƊA

Gaskiya suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Suna cewa in babu haɗari babu daɗi. Kayan da ka kai kasuwa lafiya bayan ka tsallake masu tare hanya ya fi wanda ka kai ba fargaba armashi. Kuma mafi kyawun abubuwan da aka gani a waɗannan gem daga mutane suka fito. A Elite Dangerous akwai ƙungiyar sa-kai mai suna Fuel Rats, tun 2015 aikinsu shi ne kai wa wanda mansa ya ƙare a tsakiyar sarari ɗauki, ba ko sisi. A 2019 sama da mutum 13,000 suka yi rajistar tafiyar Distant Worlds II, ayari guda zuwa ɗaya ƙarshen gungun taurari, tafiyar watanni. Mai buga gem shi kaɗai ba zai taɓa ganin irin wannan ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na yarda da duk wannan. Amma a lura, ba wanda aka tilasta wa shiga Fuel Rats ko wancan ayari. Mutane ne suka zaɓi juna. Har ma akwai babban rukuni mai suna Mobius da 'yan wasa suka kafa da doka ɗaya: ba a harbin ɗan uwa. Ma'ana jama'a suna son haɗuwa, abin da da yawa ba sa so shi ne a mayar da su nama.

Sannan maganar cewa fargabar tare hanya ita ce gishirin wasa, wannan ya danganta da inda mutum yake zaune. Wanda ke bin hanyar Gusau zuwa Tsafe da addu'a a bakinsa ba ya buƙatar gem ya koya masa mene ne tare hanya. In ya ɗauki waya da dare don ya huta, yana da haƙƙin ya ce yau taurari kawai nake son gani. Wanda ke son yaƙi ga ƙofa nan a buɗe, ya shiga da masu son irinsa.

KAFIN KA ZUBA DATA KO KUƊI

1. Bayan ka sauke gem, danna alamar jirgin sama a wayarka don sabis ya ɗauke, sannan ka buɗe shi. In ya ƙi buɗewa, ka san matsayinka tun kafin ka saya wani abu a ciki.

2. Kada ka tsaya a nauyin da Play Store ya nuna. Gem da yawa sai ka buɗe su sannan su fara jan wasu gigogi. Karanta ƙorafin mutane a ƙasan shafin gem ɗin tukuna.

3. Shiga saitin gem ɗin ka duba ko akwai wurin kashe faɗa da sauran 'yan wasa, ko wurin yin rukunin abokai kawai.

4. Tambayi kanka: in sabis ya yanke ina tsakiyar tafiya, me zan rasa? In amsar ita ce aikin makonni, yi tunani sau biyu.

5. Kada ka sayi alkawari. Star Citizen tun 2012 yake karɓar kuɗin jama'a, ya tara sama da dala miliyan 700, har yau ana kan gina shi. Kerbal Space Program 2 ya fito a 2023 da alkawarin wasan haɗaka, a 2024 aka sallami ma'aikatan da ke yin sa ba a kawo ba.

Ga wanda yake son gwadawa a wayar Android mai matsakaicin ƙarfi, akwai Spaceflight Simulator. Ba shi da biliyoyin taurari, 'yan duniyoyin da ke kusa da mu ne kamar Wata da Mars. Amma kai za ka haɗa rokarka gunduwa-gunduwa, ka lissafa mai, ka koyi yadda ake shiga kewayen duniya, kuma yana aiki ba data. Ranar da ka fara sauka a Wata bayan roka goma ta tarwatse, za ka ji daɗin da duniyoyi dubu masu kama da juna ba za su ba ka ba. Ku haɗu ku uku a kan benci, kowa da wayarsa, a ga wanda zai riga kai wa Mars, shi ma ai wasan haɗaka ne, kuma babu sabar da za a kashe muku. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To ku fa, wane salo ya fi kwanta muku: fili ɗaya da kowa komai ta fanjama fanjam, ko a bar wa mutum mabuɗin ƙofarsa? Mu ji ta bakinku, musamman waɗanda suka taɓa buga EVE Echoes da sabis ɗinmu na nan. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.