Me ya sa ƙarar sakacin likita ke da wuyar ci a Najeriya?

A shekarar 2006 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ojo da Gharoro, hukuncin da har yau lauyoyin da ke kare likitoci suke jingina da shi. An yi wa wata mata tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, allurar ɗinki ta karye, guntunta ya zauna mata a ciki. Duk wanda ya ji haka zai ce ai magana ta ƙare. Amma kotu ta kori ƙarar, domin karyewar allura kaɗai ba ta tabbatar da sakaci, kuma matar ba ta kawo ƙwararren likitan da zai shaida cewa an kauce wa ƙa'idar aiki ba.

A nan gizo ke saƙar. Ma'aunin da kotunanmu suka gada daga shari'ar Bolam ta Ingila a 1957 bai tsaya kan ko majinyaci ya cutu ba. Abin da yake dubawa shi ne ko likitan ya yi abin da wasu takwarorinsa masu sanin ya kamata za su yi. Ke nan aikin lauyan asibiti shi ne ya nemo likitan da zai ce "ni ma haka zan yi". Shi kuwa lauyan mai ƙara sai ya samo likitan da zai tsaya gaban alƙali ya kwance wa abokin aikinsa zani a kasuwa, abin da ba kowa zai yarda ya yi ba. Ga kuma fayil ɗin majinyaci, babbar shaidar shari'ar, yana hannun wanda ake ƙara.

Idan asibitin na gwamnati ne, akwai wani shingen. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara, kuma lauyoyi kan fara kafa hujja da ita. Iyalin da ke cikin zaman makoki da takaba, yaushe suka natsu har suka nemi lauya?

Wasu kan kai kuka Majalisar Likitoci ta Ƙasa, MDCN. Kotun ladabtarwarta na iya jan kunnen likita, ko dakatar da shi, ko soke sunansa daga rajista, amma ba ta biyan diyya ko sisin kwabo.

Batun diyyar ne ya kawo mu ga inshora. Tun dokar inshorar lafiya ta 1999 aka wajabta wa asibitocin da ke cikin shirin su yanki inshorar kuskuren aiki, domin idan an cutar da majinyaci kamfani ya biya. Sai dai kamfanin da zai biya shi ne kan ɗauki nauyin lauyan da zai kare likitan, kuma duk shekarar da shari'a ta ƙara a kotu, kuɗin na nan a aljihunsa. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan lissafin.

A Arewa kuwa yawanci ba a ma kai ga nan, sai a ce ƙaddara ce, an bar wa Allah. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa kuskuren likita na jawo diyya. A ganina, gyaran da ya fi gaggawa shi ne a tsawaita wa'adin nan na wata 3, sannan a hukunta duk asibitin da ya hana majinyaci ko magadansa kwafin fayil ɗinsa.