Filin Gyara da Kanka: Inji ma yana da hanci

Hunturu ya kama, aikin garka ya tashi a Dallol Mawri, tun daga Matankari da Dogon Dutsi har Kore Mairuwa da Tibiri. Injin ban ruwa yana ta kuka a bakin rijiya, babur yana kai albasa da dankali kasuwa. To, wannan wata maganarmu a kan matatar iska take, wadda masu gyara ke cewa filtir.

Inji ba mai kaɗai yake sha ba. Kafin ya ƙone lita 1 ta esansi, sai ya shaƙi iska wajen lita 9.000, watau tano 45 mai lita 200. Ku dubi hazon da iskar gabas ke kwasowa daga Bodele ta ƙasar Cadi, daga Nuwamba zuwa Maris, ku haɗa da yashin Dallol. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen cikin inji tauri. In ta shiga ta gauraya da mai, sai ta riƙa cin zoben fistan kamar dutsen wasa wuƙa. Daga nan sai shuɗin hayaƙi, sai shan mai, sai inji ya kwanta dankali na tsakiyar son ruwa.

In matata ta toshe, inji yana rage ƙarfi, yana baƙin hayaƙi. Nan wasu ke cire ta su yar, su ce ga shi ya miƙe. Gaskiya ne ya miƙe, amma kwanansa sunka rage. Ɗaura tsumma a bakin ma ba magani ba ne.

Matatar soso ita ce mai sauƙi. A kashe inji, a shafe murfin tukuna don kada ƙura ta faɗa ciki. A wanke soson da ruwa da sabulu, a matse shi cikin tafin hannu. Kada a murɗe shi kamar wanki, yagewa yake yi. A shanya a inuwa har ya bushe sarai. Sannan a ɗiga masa sabon man inji, a mulmula, a matse rarar. Man nan shi ke kama ƙura, busasshen soso rariya ce kawai. Ban da wanki da esansi, saboda gobara.

Ta takarda kuwa ba ta son ruwa, ba ta son mai. A bubbuga ta a hankali, a ɗaga ta ga rana. In an ga huda ko yaga, sai sabuwa.

Masu ƙera ƙananan injuna sukan ce a share ta bayan awa 50 na aiki, a gaggauta in wurin ƙura ne. A hunturunmu, ni dai na ce a leƙa ta kowace Juma'a.

Samari masu babur da mota, kun fara sa wata jar matata mai kamar mazurari, wai ta fi jan iska. In kun sa ta, ku nisanta ta daga zafin inji, don iska mai sanyi ta fi ba da ƙarfi, ku kuma wanke ta ku shafa mata manta a kai a kai. Amma ku sani ramukanta sun fi na ta asali faɗi. A kwaltar Doso zuwa Ƙwanni ta yi. A hanyar yashi ta ƙauye, bar mini ta takarda cikin akwatinta.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar canjin man inji.