Asibitin masana'anta na buƙatar ma'aikacin jinya mai rajistar fannin

A yawancin manyan masana'antu akwai wani ɗan ɗaki da ake kira kilinik, inda ake kai leburan da inji ya datse wa yatsa ko wanda ya yanke jiki ya faɗi. Mai farin kaya ne ke karɓarsa, amma ba kasafai ake tambayar takardar da yake riƙe da ita ba. Lokaci ya yi da hukumomi za su mayar da wannan tambaya doka.

Jinyar wuraren aiki fanni ne mai zaman kansa. Nas ɗin asibiti na jiran marar lafiya ya zo, shi kuwa na masana'anta aikinsa ya hana cutar samuwa tun farko. Shi ke auna jin ma'aikacin da ke wuni cikin ƙarar injina, ya duba huhun mai shaƙar ƙurar siminti ko auduga, ya kuma lura da fatar masu jima a Challawa da Sharaɗa a Kano, inda ake aiki da sinadarin kuromiyam. Irin waɗannan cututtuka a hankali suke shiga jiki, wani lokaci sai mutum ya bar aiki da shekaru sannan su bayyana. Wanda bai samu horon ba zai ba da maganin tari ya sallami mutum, alhali matsalar tana cikin iskar da yake shaƙa kullum.

Najeriya ba ta rasa tsari ba. Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, wato NMCN, wadda aka kafa da dokar soja ta 1979, ta amince da wannan fanni a cikin kwasa-kwasan ƙwarewa da nas ke yi bayan rajistar farko, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan na da makarantar koyar da shi. Giɓin yana wajen ɗaukar aiki. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta ajiye akwatin taimakon gaggawa, amma ba ta ɗora wa mai kamfani nauyin ɗaukar nas mai wannan ƙwarewa ba. Saboda haka mai neman sauƙi na iya ɗaukar wanda ya koyi allura a wani ƙaramin asibiti, wanda hukumar ba ta ma san da zamansa ba, ya ba shi kujerar.

Amfanin rajista ya wuce takardar ratayewa a bango. Nas ɗin masana'anta albashinsa a hannun mai kamfani yake, amma sirrin lafiyar ma'aikaci ne a hannunsa. Idan manaja ya nemi a nuna masa fayil ɗin wani don ya samu hujjar korarsa, ko ya ce a rubuta raunin aiki a matsayin ciwon da aka zo da shi daga gida, mai lasisi na da abin da zai dogara da shi ya ƙi, domin ya san hukumarsa na iya soke sunansa. Marar rajista kuwa ba shi da wanda yake tsoro sai mai biyansa.

A nan ne batun ya taɓa aljihun talaka. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu a asusun NSITF, domin biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki. Sai dai diyya na tafiya ne da hujja. Idan babu bayanin lafiyar mutum na ranar da ya fara aiki da na shekarun da suka biyo baya, da wuya ya tabbatar da cewa aikin ne ya kurmantar da shi.

Birtaniya ta ware wa ƙwararrun nas-nas na lafiyar al'umma sashe na musamman a rajistarta tun 2004, kuma na wuraren aiki na cikinsu. Ita ma Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiya da kariya a wurin aiki tun 1994, don haka alƙawari ne da ke kanta.

Masu kamfanoni za su ce ƙwararrun sun yi kaɗan kuma kuɗinsu da yawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Maganin shi ne a buɗe ƙarin makarantun fannin, musamman a Kano da Kaduna, a ba nas-nas ɗin da ke bakin aiki wa'adin yin kwas, a kuma bar ƙananan masana'antu su haɗa kai su ɗauki ƙwararre guda.

Ya kamata Majalisar Tarayya ta gyara dokar 1987 ta yadda duk masana'antar da ta kai wani adadi na ma'aikata za ta ɗauki nas mai rajistar fannin. Sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago su riƙa duba lasisi kamar yadda suke duba injina, ƙungiyoyin ƙwadago kuma su sa batun a teburin tattaunawa tare da albashi. Leburan da ya ba kamfani ƙarfinsa ya cancanci a ce mai duba lafiyarsa yana da hukumar da za ta tuhume shi idan ya yi sakaci.