Kunun Aya Ko Turare?

Jama'a, ni dai ban yarda da wannan sabon yayi ba. Azumin bana maƙwabciyarmu ta aiko mana da kunun aya, ina kurɓa bayan dabino sai ƙamshin filebon banila ya doke ni. Zaƙi kamar an narka alawa. Ina garɗin ayar? Ina ɗan yajin citta da kanumfari mai ratsa maƙogwaro? Ai dabino da kwakwa sun isa zaƙi. Yara kam sun shanye har da neman ƙari, ni kuwa ƙishirwa ta taso min tun kafin tarawihi.

Washegari da ta tambaye ni, na ce, "Hajiya, sannu da aiki, amma a rage turaren." Har aka yi Sallah ba ta sake aiko mana ba.